"Ku Koma Gida": Jinyar Sassauci ga Iyaye Masu Gazawar Zuciya a Damagaram

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi halin da iyali ke shiga a Damagaram idan zuciyar uwa ko uba ta gaza har likita ya ce a koma gida. Hujjar da take son kafawa ita ce, jinyar gida daɗaɗɗiya ce a ƙasar nan, ba sai an shigo mana da ita daga waje ba. Abin da ya yi mata ƙaranci shi ne sanin ciwon, da maganin rage wahala, da igiyar da za ta ɗaure ɗakin majinyaci da asibiti bayan sallama. An dogara da binciken da aka wallafa kan ciwon zuciya a Afirka da ƙasar Hausa, da kuma abin da mai maƙalar ya gani a jinyar mahaifiyarsa. A ƙarshe an miƙa kira ga likitoci da makarantun kiwon lafiya da fada, kan matakan da ba sa jiran sabon gini ko kuɗin waje.

Gabatarwa



Zan fara da wata magana da kusan kowa cikinmu ya taɓa faɗa, ko aka taɓa faɗa masa. Ranar da aka sallami mahaifiyata karo na huɗu daga wani asibiti, likitan ya ja ni gefe, ya sassauta murya ya ce, "Malam, mun yi iya abin da za mu iya. Ku koma gida, ku ci gaba da addu'a." Ban ga laifinsa ba a ranar, har yau ma ban gani ba. Gaskiya ya faɗa, ga kuma mutane a baranda suna jiran gadon. Ya miƙo mini ordinas mai magani biyar, muka ɗauko Inna a adaidaita, tana zaune ta jingina da ƙanwata domin ba ta iya kishingiɗa. Da dare ya raba sai na jiyo muryarta. Ni ne ɗan fari, ba ta kama sunana. "Kai, zo ka tashe ni zaune, numfashin ya ƙi." Na tashe ta, na tsaya riƙe da kafaɗunta, daga nan kuma dabara ta ƙare mini.

Inna ta ƙara wata biyar kafin Allah ya karɓi abinsa. A rajistar asibiti babu waɗannan watanni, domin an rufe takardarta ranar sallama. A gidanmu kuwa su ne mafi tsawo a duk jinyar. Su ne batun wannan takarda.

Ciwon da masu ɗauke da shi

Gazawar zuciya ba tsayawarta ba ce. Tana bugawa, sai dai ta kasa tura jini gwargwadon buƙatar jiki, don haka ruwa ya dinga taruwa a huhu da ƙafafu da ciki. A gida ba mu cika kiran ciwon da sunansa ba, alamarsa muke kira: kumburi, haki, tari. Idan ma aka ce "ciwon zuciya", Bahaushe yakan fara tambayar wanda ya ɓata wa tsohuwa rai, domin a harshenmu zuciya ce mazaunin baƙin ciki. Na ga gidan da aka ɗora wa suruka alhakin ciwon da hawan jini na shekara ashirin ya haifar.

A shekarar 2012 aka wallafa binciken THESUS-HF, wanda ya bi majinyata 1,006 a ƙasashe 9 na Afirka kudu da Sahara, har da majinyatan Kano. Matsakaicin shekarunsu 52 ne, alhali a Turai ciwon ya fi kama waɗanda suka haura 70. Hawan jini, wanda muke kira tansiyo, shi ne sanadin kusan kashi 45 cikin 100, kuma kusan kashi 18 sun rasu kafin wata shida. Binciken INTER-CHF na 2017 ya samu cewa kashi 34 cikin 100 na majinyatan Afirka sun rasu cikin shekara guda, adadin da ya zarce na duk yankunan da aka gwada.

Akwai kuma nau'in da ƙasar Hausa ta yi suna a kansa a littattafan likitanci, wato gazawar zuciya a ƙarshen ciki ko bayan haihuwa. Davidson da Parry sun bayyana shi a Zariya a shekarun 1970, inda suka kiyasta mace ɗaya cikin kowace haihuwa 100, suka kuma danganta shi da wankan jego da kunun kanwa da kwanciya kan gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi. A Yamai, Cénac da abokan aikinsa sun nuna a 1992 cewa matan da ciwon ya kama suna da ƙarancin sinadarin seleniyom a jini. Daga baya rajistar PEACE da Farfesa Kamilu Karaye na Kano ya jagoranta, aka wallafa a 2020, ta fi ɗora nauyin kan rama da rashin karatu da rashin sana'a da hawan jinin masu ciki, fiye da al'adun jego. Ba muhawarar sanadi ce ta kawo ni ba. Abin da nake so a lura da shi shi ne, a ƙasar da ƙidayar lafiya ta 2012 ta nuna mace na haihuwar ƴaƴa 7.6 a matsakaici, "mahaifiya mai gazawar zuciya" ba lalle tsohuwa ba ce. Tana iya zama ƴar shekara 35 mai goyo, mai jinyarta kuma yarinya ƴar shekara 13 da aka cire daga lakwal.

Wannan ciwo yana da wata ɗabi'a da ke ruɗa iyali. Mai ciwon daji yakan gangara a hankali, kowa na gani. Mai gazawar zuciya kuwa yau an yanke ƙauna an kira dangi, jibi an zuƙe ruwan da allura ta tashi tana tsince shinkafa. Kowace farfaɗowa tana sabunta fata, sai dai ba ta maido da mutum inda yake a da, kuma kowace kwanciya tana cin akuya, ta ci geron rumbu, wani lokaci ta kai ga jinginar da gona. Tsarin jinya kyauta da aka kafa a 2006 ya shafi yara ƴan ƙasa da shekara biyar da masu ciki da tiyatar haihuwa, bai kai ga tsofaffi ba. Ragin rabin kuɗin asibitocin gwamnati da aka sanar a watan Agusta na 2024 ya sauƙaƙa, amma ordinas na nan a farmasi, kuɗin mota ma na nan. Jihar Damagaram ta fi kowace jiha yawan jama'a a ƙidayar 2012, da mutum sama da miliyan uku da rabi, kuma mai ciwon zuciya daga Tanut ko Gure ko Magarya, idan abin ya fi ƙarfin asibitin gundumarsa, Babban Asibitin Ƙasa na Zinder ne madogararsa. Tun da aka ɗauke babban birni daga Zinder zuwa Yamai a 1926, mafi yawan ƙwararru da na'urori suka bi shi, tafiyar kusan kilomita 900. Dashen zuciya da famfon da ake sa wa masu matakin ƙarshe na ciwon a Turai ba sa cikin lissafin talakan unguwar Birni ko Zango. Gida ne makomarsa, ko mun shirya ko ba mu shirya ba.

Abin da ake nufi da jinyar sassauci

Na zaɓi in kira ta jinyar sassauci domin manufarta sassauta wahala ce a inda warkewa ta faskara. Cicely Saunders, wadda ta buɗe gidan jinya na St Christopher a Landan a 1967, ta koyar da cewa zafin mai ciwon ajali ya haɗa na jiki da na rai da na iyali da na imani, kuma ba a magance ɗaya a bar saura. A 2014 babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya zartar da ƙuduri mai lamba 67.19, wanda ya nemi ƙasashe su shigar da wannan jinya cikin tsarin lafiyarsu tun daga matakin farko har zuwa gida. Hukumar ta kiyasta mutum miliyan 56.8 ke buƙatarta kowace shekara, kashi 14 cikin 100 kacal ke samu. A cikin manya masu buƙatar, masu ciwon zuciya da jijiyoyin jini su ne kan gaba da kashi 38.5, masu ciwon daji na biye da kashi 34. Duk da haka idan aka ambace ta, ciwon daji ke zuwa a ran ma'aikacin lafiya.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗaukar ta a matsayin daina magani. A gazawar zuciya, ƙwayar da ke fitar da ruwa ita ce babban maganin sassauci, ba a ajiye ta sai an kai gargara. Binciken PAL-HF da aka yi a Amurka kan majinyata 150, aka wallafa a 2017, ya nuna waɗanda aka haɗa musu jinyar sassauci da maganinsu na kullum sun fi samun natsuwa da jin daɗin sauran kwanakinsu, damuwarsu ta ragu.

Cikin ɗakin jinya

A nan zan ɗan daɗe, domin nan ne abin yake.

Numfashi shi ne abin da ya fi firgita gida. Idan majinyaci ya kwanta miƙe, ruwan ƙafafu ya koma ƙirji, sai ya farka kamar wanda aka danna cikin rijiya. Abin yi na farko ba ya cin ko dala: a zaunar da shi, a jingina bayansa da bango ko buhun gero da aka lulluɓe da bargo, a sauko da ƙafafu ƙasa. Sannan a yi masa fifita a fuska. Na daɗe ina ɗaukar fifitar da ƙanwata ke yi wa Inna a matsayin tausayi kawai, sai daga baya na karanta cewa iska mai kaɗa fuska tana rage jin sarƙewar numfashi, har likitocin Ingila na ba majinyatansu ƙaramar fanka ta hannu saboda haka. Maficin kaba da ke kowane ɗaki yana yin wannan aiki, kuma ba ya jiran kuran. Mun ga muhimmancin haka a watan Agusta na 2023, lokacin da Najeriya ta katse wutar da take ba Nijar. Iyalai da yawa suna cin bashi su nemo tukunyar iskar oksijin, alhali idan awo bai nuna iskar ta yi ƙasa a jini ba, ba ta fi fifita amfani ba. Abu na uku shi ne rage cunkoso. Dubiya ibada ce kuma zumunci ne, amma mata goma sha biyu a ɗaki ɗaya, ga turaren wuta, ga ƙofa a rufe saboda sanyi, sun isa su shaƙe mai lafiya ma. Mun koma karɓar masu dubiya a rumfa, a shiga bibbiyu, a ce "sannu Inna, Allah ya sa kaffara ne", a fito.

Kumburi kuwa yana ba da sanarwa kafin ya yi ƙarfi, in da mai karanta sanarwar. Littattafai sun ce a hau sikeli kowace safiya, idan nauyi ya ƙaru da kilo 2 cikin kwana 3 a nemi likita. Gida nawa ke da sikeli a Garin Malam ko Kara-Kara? Amma kowane gida na da zare. A ɗaura shi a ƙwauri wuri ɗaya, a ƙulla alama, a gwada kowace safiya bayan sallah. A duba ko zoben hannu ya matse, ko takalmi ya ƙi shiga, a kuma ƙirga matashin da aka kwana a kai: wadda ta kwana kan biyu makon jiya, yau sai da huɗu, ruwa ya fara hawa. Idan mai jinya ta san wannan, kuma tana da wanda za ta kira ya ce ta ƙara rabin ƙwayar Lasilix, maganin fitsari mai fitar da ruwa, na kwana uku, an tsallake kwanciya asibiti guda. Akwai kuma lokacin da hanji kansa ke kumbura har ƙwayar ta daina shiga jini yadda ya kamata. A nan allura ake buƙata, kuma ma'aikacin jinya zai iya yin ta a gida bisa umarnin likita.

Ɗaya gefen ma haɗari ne. A watannin Afrilu da Mayu zafin Damagaram na haura digiri 40. Tsoho mai shan maganin fitsari, ga gumi, in zawo ko amai ya haɗu da su, jikinsa na iya bushewa har ƙoda ta taɓu. Jiri idan an miƙe, bushewar baki da raguwar fitsari alamu ne na a rage magani a tuntuɓi likita. Wannan ma ilmi ne na minti biyar, amma sai an koyar.

Sai wanzami. Ƙafa ta kumbura ta yi sheƙi, wani dattijo cikin dangi ya ce a yi sakiya ruwan ya fita. Ruwan zai fita kuwa, sai dai fatar da ta kumbura ba ta saurin haɗewa, ƙwayoyin cuta su samu ƙofa, a wayi gari da gyambon da zai raka mutum kabari. Ban kawo wannan don raina wanzamai ba, su ma so suke a samu sauƙi. A ganina zama da sarkin aska a yi masa bayani ya fi hana iyali zuwa wurinsa amfani.

Maganar gishiri a ƙasar nan sai an haɗa da kanwa. Tun zamanin Sarki Tanimun, wanda ya kewaye Birni da ganuwa a ƙarni na 19, Damagaram mahaɗar ayari ce, gishirin Bilma da kanwa da mangul na ƙasar Manga suna bi ta nan zuwa Kano. Abin da ya ratsa kasuwa ya zauna a tukunya. Muna sa kanwa a wake, a miyar kuka da kuɓewa, a kunu, mu jiƙa ta mu sha don ciwon ciki. Kanwa kuwa sinadarin sodiyom ne ke cikinta kamar gishiri, kuma shi ke riƙe ruwa a jiki. Likita ya ce a daina gishiri, uwargida ta bi umarni tsakaninta da Allah, amma ta ci gaba da jefa dunƙulen Maggi uku da guntun kanwa, domin ba wanda ya ce mata su ma gishiri ne. Haka kilishi, haka ƙwayar farasitamol mai tafasa a ruwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada mai lafiya ma ya wuce giram 5 na gishiri a yini, wato bai cika ƙaramin cokalin shayi ba.

Amma a nan ina da ra'ayi, kuma zan faɗe shi a gaban malamaina likitoci. Binciken SODIUM-HF na 2022 bai samu cewa tsananta hana gishiri ya rage mutuwa ko kwanciya asibiti ba. Idan mutum ya kai makonnin ƙarshe, cinsa bai fi loma uku ba, hana shi ɗanɗano azaba ce marar riba. Wata rana Inna ta ture kwanon tuwo da lami ta ce wa matata, "Ƴar nan, ko sau ɗaya ki sa mini daddawa da ɗan gishiri in ji na ci abinci." Matata ta dube ni. Muka sa. Ta ci loma biyar, ta yi hamdala, kuma ban taɓa nadamar wannan ba. A bar kanwa da dunƙule tun da wuri, a daidaita gishiri, in an zo ƙarshe a bar mutum ya ci abin da ransa ke so.

Haɗarin da na fi tsoro shi ne na mai tallan magani a tire ko a bayan keke. Tsohuwa na kukan gwiwa, jika ya sayo mata diklofenak ko ibuprofen na dala ashirin don ya samu albarka. Waɗannan magunguna suna riƙe gishiri da ruwa, suna raunana ƙoda, suna kashe ƙarfin maganin fitsari. Mako guda na shan su ya isa ya rushe aikin wata uku. Farasitamol na haɗiya shi ne abin farawa. Haka kuma ya dace likita ya sake duba ordinas idan tafiya ta yi nisa: maganin rage kitsen jini da ake sha don kariyar shekaru masu zuwa ba shi da sauran amfani ga mai makonni, kuɗinsa gara a sayi abin da zai sa ya yi barci.

Mai jinya

Duk abin da na lissafa, hannun mace ɗaya yake bi. Ɗiya ce, ko suruka, ko kishiya, ko jika. Ita ke juya majinyaci kowane awa biyu ko uku don kada bayansa ya yi gyambo, ita ke kai fo, ita ke wankin zannuwa a garin da kowa ya san ƙarancin ruwansa, inda a bazara jarkar ga-ruwa ke tsada kamar magani. Maganin fitsari na nufin tashi sau biyar ko shida a dare, shi ya sa ake so a sha shi da safe, kashi na biyu kuma kada ya wuce azahar. Mu maza mukan biya ordinas, mu leƙa da safe mu ce "ya jikin?", a ce "da sauƙi", mu fita. Ranar sallama kuma mu ake kira ofis a yi wa bayani, alhali wadda za ta yi aikin tana waje tana naɗe tabarma. Ni aka yi wa bayanin magungunan Inna, ni da ban taɓa ba ta ko ƙwaya ɗaya da hannuna ba kafin ranar.

Kunya ma na da nata hukunci. Ɗa namiji ba ya ganin tsiraicin uwa, suruka ba ta taɓa jikin surukinta namiji, uba kuma zai gwammace ya kwana cikin fitsari da ya kira ɗiyarsa. Tsarin da bai tambayi "wa zai iya taɓa wa?" ba, zai rushe a daren farko. Haka gajiya: mai jinyar da ta yi wata uku ba barci za ta fara faɗa, ta yi kuskuren magani, sannan ta zargi kanta da rashin imani. Ba ta buƙatar wa'azin haƙuri, domin ta fi mai wa'azin sanin sa. Tana buƙatar wadda za ta karɓe ta kwana biyu a mako, kuma wannan aikin dangi ne su tsara tun ranar farko, da suna da rana.

Maganar da ake kaucewa

"Da sauƙi" ita ce amsar Bahaushe ko yana gargara, kuma kyakkyawar ɗabi'a ce. Sai dai takan rufe ƙofar wata magana da ta zama dole. Iyali na ce wa likita kada ya gaya wa Baba, Baba kuma ya daɗe da ganewa, yana shiru ne don kada ya tayar musu da hankali. Likita na gudun a ce ya yanke wa mutum kwana, alhali rai na hannun Allah. Kowa na kare kowa, lokaci na wucewa.

Ba a buƙatar a ce wa mutum saura wata kaza, ilmin ma bai kai nan ba, balle a ciwon da kan ɗauke mutum farat ɗaya yana cikin hira. Abin da ake buƙata tambaya ce cikin ladabi: "Baba, in jikin ya sake tashi, ka fi son a koma asibiti ko a nemo mai allura a yi maka a gida?" Da na yi wa Inna irin wannan tambaya, ta amsa kamar mai jira: "Kada ku ƙara kai ni. Ku bar ni a ɗakina, in ji kiran sallar masallacinmu." Daga ranar ta fara kiran mutane ɗaya bayan ɗaya tana neman gafara, ta faɗi bashin da ake bin ta da wanda take bi, ta yi wasiyya. Addininmu ya tanadi duk wannan, ya kuma sauƙaƙa wa majinyaci: sallah a zaune ko a kishingiɗe, taimama idan ruwa zai cutar, ciyarwa a madadin azumi ga wanda ba a sa ran warkewarsa. Na ga tsohon da ya ajiye maganin fitsari don kada alwalarsa ta dinga karyewa, da wadda ta dage sai ta yi azumi a tsakiyar zafi. Likita ba zai iya sauko da su ba, limamin unguwa zai iya da magana biyu. Shi ya sa nake ganin liman ɗan ƙungiyar jinya ne, a koya masa abin da ciwon yake, shi kuma ya koya mana yadda ake faɗar gaskiya ba tare da an yanke ƙauna daga rahamar Allah ba.

Morfin

Rahoton kwamitin mujallar Lancet na 2017 ya nuna cewa cikin tan 298.5 na morfin da danginsa da ake rabawa a duniya kowace shekara, tan 0.1 kacal ke isa ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi. A wurinmu akwai ƙarin cikas: ɓarnar da tramol ya yi wa matasa ta sa duk maganin da ya yi kama da shi ya zama abin tsoro ga hukuma da iyaye. Tsoron na da dalili. Amma sakamakonsa shi ne, saurayi na samun tramol a bakin tasha, tsohuwa mai zafin ciwo ba ta samun cokalin morfin a gadonta. Amfaninsa ga zafi mai tsanani tabbatacce ne. Ga sarƙewar numfashi a gazawar zuciya hujjar ba ta kai haka ƙarfi ba, don haka akan ajiye shi sai kwanakin ƙarshe, kaɗan-kaɗan, tare da lura da ƙoda. Yuganda ta nuna hanya: Dakta Anne Merriman ta kafa Hospice Africa a 1993 da ruwan morfin mai arha da ake haɗawa a cikin ƙasar, a 2004 kuma doka ta ba ma'aikatan jinya da suka samu horo na musamman izinin rubuta shi. Ƙasa ce mai ƙarancin likitoci kamar tamu, kuma da rajista da horo ta tsare maganin.

Abin da nake roƙo

Ba gidan jinya irin na Landan nake roƙo a gina a Zinder ba. Bahaushe ba zai kai uwarsa wani gida ta cika a hannun baƙi ba, kuma yana da gaskiya. Tsanin da ake buƙata yana nan: ɗakunan shan magani na ƙauye, cibiyoyin lafiya na CSI da majo-majonsu, da wakilan lafiya na unguwa da ke zagayawa don allurar rigakafi da tamowa. Wanda ya iya auna hannun yaro da tef zai iya auna ƙwaurin tsohuwa da zare. A jihar Kerala ta Indiya, ƴan sa-kai na unguwa ne ƙashin bayan irin wannan jinya, ma'aikatan lafiya na tsaye a bayansu.

Ina roƙon Sashen Kimiyyar Lafiya na Jami'ar André Salifou da makarantar horar da ma'aikatan lafiya ta Zinder su sa jinyar sassauci cikin darasi, su kuma tura ɗalibai su bi majinyatan zuciya har gida bayan sallama su rubuta abin da suka tarar, domin mu samu alƙaluman Damagaram na kanmu. Ina roƙon hukumar lafiya ta jiha ta fitar da takarda ɗaya tak, da Hausar boko da ajami da zane, mai nuna zaren ƙwauri, da kanwa da dunƙule, da magungunan tire da za a guje wa, a kuma karanta ta a gidajen rediyo. Fadar Mai Martaba Sarkin Damagaram, wadda muryarta ta taimaka wajen karɓar rigakafi, ita ce za ta iya tara limamai da masu unguwa da wanzamai a zaure ɗaya kan wannan batu.

Ku kuma malamaina likitoci, roƙona gare ku ba ya jiran kowa. Gobe idan za ku ce wa wani iyali su koma gida, ku tambaya wace ce za ta kwana da majinyacin, ku kira ta ciki ta zauna. Ku ba ta minti goma, ku nuna mata yadda za ta zaunar da shi idan numfashi ya ƙi, sannan ku rubuta mata a bayan ordinas lambar wayar da za a ɗauka ko da tsakar dare ne.